Indunusiya: Ƙasar Tsibirai da Ta Fi Kowa Manja

 Wannan makon za mu yi tafiya mai nisa zuwa gabas, can kudu maso gabashin nahiyar Asiya, mu leƙa wata ƙasa da yawancinmu ba mu taɓa neman ta a taswira ba, alhali kayanta na cikin gidajenmu. Taliyar Indomie da muke dafawa da ƙwai asalinta daga can ne. Kanumfarin da iyayenmu mata suke sa wa kunu da shayi can ne mahaifarsa. Sunan ƙasar Indunusiya.

Ba don taliya kaɗai muka zaɓe ta ba. Ƙasa ce mai zafi kamar tamu, mai yawan jama'a da harsuna da addinai kamar tamu, kuma ita ma Turawa sun mulke ta. Sai dai akwai wani abin da ya tsaya mana a rai. Kwakwar manja itaciyar Afirka ta Yamma ce, baƙuwa ce a Indunusiya, amma yau su ne suke sayar wa duniya manja, mu kuwa har sayowa muke yi daga waje. Yaya aka yi haka? Sai mun san ƙasar da yanayinta da mutanenta kafin mu iya ba da amsa.

Ina take?

Indunusiya ba dunƙulalliyar ƙasa ba ce irin Najeriya ko Nijar. Tarin tsibirai ce, wato ƙasashe da ruwa ya kewaye su ta kowane ɓangare. Tsibiranta sun haura 17,000, ko da yake da yawa daga cikinsu babu kowa a kansu. Suna shimfiɗe ne tsakanin Tekun Indiya da Tekun Fasifik, Asiya na arewa da su, Ostireliya na kudu. Daga yammacin ƙasar zuwa gabashinta ya kai kilomita 5,000. Saboda wannan tsawo, agogo iri uku ake amfani da su a ƙasar. Babban birninta, Jakarta, yana gaba da mu da awa shida. Lokacin da muke jeruwa a asambule da ƙarfe bakwai da rabi na safe, a Jakarta ƙarfe ɗaya da rabi na rana ne.

Manyan tsibiran guda biyar ne, kuma ya kamata mu haddace su: Sumatra, da Java, da Kalimantan, da Sulawesi, da Papua. Kalimantan shi ne rabon Indunusiya a tsibirin Borneo, wanda take raba shi da Malesiya da Burunai. Papua kuma rabin yamma ne na tsibirin Niu Gini. Ƙasashe uku kawai take iyaka da su ta ƙasa: Malesiya, da Papua Niu Gini, da Timor ta Gabas. Idan aka haɗa faɗin tsibiran duka, ya kai kusan murabba'in kilomita miliyan 1.9, wato ninki biyu na Najeriya, wadda take da 923,768.

Ƙasa mai motsi

A garuruwanmu ƙasa lafiya lau take a ƙarƙashin ƙafafunmu. A Indunusiya ba haka ba ne. Ɓawon duniya ba guda ɗaya ba ne, gutsi-gutsi ne, kamar manyan faya-fayi da aka jera kusa da juna, kuma suna motsi a hankali. Indunusiya tana daidai inda wasu daga cikin faya-fayin nan suka haɗu, ɗaya yana kutsawa ƙarƙashin ɗaya. Wannan gogayya ita ke kawo girgizar ƙasa, ita ce kuma ke narkar da duwatsu a can ciki har su yi ta fitowa ta bakin tsaunuka. Ƙasar tana da duwatsu masu aman wuta fiye da 120 waɗanda ba su mutu ba.

Tarihi ya riƙe wasu daga cikinsu. A 1815 dutsen Tambora ya fashe a tsibirin Sumbawa. Tokarsa ta tashi sama ta rage hasken rana, har shekarar da ta biyo baya amfanin gona ya lalace a Turai da Arewacin Amurka saboda sanyi. A 1883 dutsen Krakatoa ya fashe tsakanin Java da Sumatra, mutum fiye da 36,000 suka rasu, yawancinsu ta dalilin igiyar ruwa. Ranar 26 ga Disamba, 2004, girgizar ƙasa a ƙarƙashin teku ta taso da igiyar ruwa ta tsunami, wadda ta hallaka mutum fiye da 160,000 a Indunusiya, akasarinsu a lardin Aceh da ke arewacin Sumatra.

Mai karatu zai ce, to me ya hana mutane guje wa duwatsun nan? Amsar tana cikin tokar. Idan tokar dutse ta sauka ta ruɓe cikin ƙasa, takan zama taki mai ƙarfi ƙwarai. Shi ya sa manoma suke komawa gindin dutsen Merapi a Java, duk da cewa a 2010 ya kashe mutum fiye da 300. Hausawa sun ce zuma da zaƙi da harbi. Java, wadda take cike da irin waɗannan duwatsu, ita ce ta fi ƙasar noma mai kyau, ita ce kuma ta fi yawan mutane. Kalimantan kuwa, da kusan babu dutse mai aman wuta, ƙasarta ba ta da ƙarfi sosai, mutanenta ma ba su da yawa duk da girmanta. A nan za mu ga yadda yanayin ƙasa yake zaɓa wa mutane wurin zama.

Yanayi

Layin ikwaita, wanda ya raba duniya gida biyu, arewa da kudu, ya ratsa ta tsakiyar Indunusiya. A birnin Pontianak na Kalimantan har hasumiya aka gina a inda layin ya wuce. Saboda haka dare da rana kusan tsawonsu ɗaya a duk shekara. Zafin bakin teku yakan tsaya wajen digiri 27 zuwa 28 a ma'aunin Salshiyas, ba ya hawa sosai, ba ya sauka sosai. Ba su san zafin watan Afrilu irin namu da yake haura digiri 40 ba, ba su kuma san hunturu da fashewar leɓe ba. Abin da suke fama da shi shi ne gumi, domin iskar a jiƙe take da tururin teku.

Lokutansu biyu ne, damina da rani, kuma iska ce take juya su. Daga wajen Nuwamba zuwa Maris iska takan taso daga ɓangaren Asiya, ta ratso teku, ta kwaso ruwa ta zubar a kan tsibiran. Daga wajen Mayu zuwa Satumba sai ta juya, ta taso daga busasshiyar ƙasar Ostireliya, ruwa ya ragu. Ku lura da kyau: a Java lokutan nan kishiyar namu ne. A Janairu, muna rawar ɗari da ƙurar hunturu, su kuwa ana tsuga musu ruwa. A Agusta, lokacin da muke tsakiyar marka, su suna rani.

Ruwan nasu ba kaɗan ba ne. A Kano ruwan shekara bai cika wuce milimita 1,000 ba. A wurare da yawa na Sumatra da Kalimantan yakan wuce milimita 2,500, a garin Bogor da ke kusa da Jakarta kuma yakan haura 3,500, har ana yi masa laƙabi da garin ruwan sama. Amma ba ko'ina ba ne haka. Tsibiran kudu maso gabas, irin su Sumba da Timor, suna da dogon rani da filayen ciyawa, ana kiwon shanu da dawakai. A Papua kuma akwai tsaunin Puncak Jaya mai tsawon mita 4,884, wanda saboda tsawonsa ake samun ƙanƙara a kansa, ga shi kuwa kusa da ikwaita.

Zafi da ruwa su suka haifar da ƙungurmin daji. A dazukan Sumatra da Kalimantan ne ake samun wani jan goggon biri da ake kira orangutan, ma'anar sunan ita ce mutumin daji. A tsibirin Komodo kuma akwai wani ƙaton dangin damo da tsawonsa yakan kai mita uku.

Mutanen ƙasar

Ƙidayar da aka yi a 2020 ta nuna mutum miliyan 270. Indunusiya ce ta huɗu a yawan jama'a a duniya, bayan Indiya da Sin da Amurka. Abin mamaki, fiye da rabinsu a Java suke zaune, tsibirin da bai kai girman jihar Neja da jihar Borno ba idan aka haɗa su. Ku ƙiyasta mutum miliyan 150 a cikin jihohi biyun nan.

Ana magana da harsuna fiye da 700 a ƙasar. Ƙabilar Java ita ce mafi girma, kusan kashi 40 cikin ɗari, sai Sunda, da Batak, da Madura, da Bugis, da wasu da yawa. To da wane harshe suke fahimtar juna? Wannan labari ne da ya shafe mu, domin matasa ne suka yanke shawarar. Ranar 28 ga Oktoba, 1928, tun ƙasar na hannun Turawa, matasa da ɗalibai daga tsibirai daban-daban suka taru suka yi alkawarin cewa ƙasarsu ɗaya, al'ummarsu ɗaya, harshen haɗin kansu ɗaya. Ba su ɗauki harshen ƙabilar da ta fi yawa ba. Sun ɗauki harshen Malay, wanda dama da shi ake ciniki a tashoshin jiragen ruwa, kamar yadda Hausa take harshen kasuwa daga Agadas zuwa Kumasi. Shi ne ya zama Bahasa Indonesia, kuma da shi ake koyar da yara lissafi da kimiyya a makarantun gwamnati.

Idan Bahaushe ya saurari harshen zai tsinci kalmomin da ya sani, domin mu da su duka mun aro daga Larabci. Suna ce wa Talata Selasa, Laraba Rabu, Alhamis Kamis, Juma'a Jumat, Asabar Sabtu. Duniya dunia ce, sabulu sabun, labari kabar, lokaci waktu.

Kusan kashi 87 cikin ɗari na mutanen Musulmi ne, kuma ƙasar ce take samun kujerun aikin hajji mafi yawa a duniya. 'Yan kasuwa da malamai ne suka kai musu Musulunci ta teku, kuma tun ƙarni na 13 akwai masarautar Musulunci a arewacin Sumatra. Kiristoci sun kai kusan kashi goma, suna da yawa a Papua da Flores da arewacin Sulawesi. Mutanen tsibirin Bali yawancinsu mabiya addinin Hindu ne. A Jakarta, babban masallacin Istiqlal da babbar majami'ar Katolika suna kallon juna, titi ne kawai ya raba su.

Kayan ƙamshi ne suka jawo musu Turawa. Kanumfari da gyaɗar ƙamshi a tsibiran Maluku suke fitowa, kuma a da suna da tsada ƙwarai a Turai. Mutanen Holan suka kafa kamfanin ciniki a 1602, sannu a hankali ciniki ya koma mulki. Japan ta mamaye ƙasar daga 1942 zuwa 1945. Ranar 17 ga Agusta, 1945, Sukarno ya shelanta 'yancin kai, amma sai da aka gwabza yaƙi kafin Holan ta amince a ƙarshen 1949. Atamfar da iyayenmu suke kira 'yar Holan ma daga wannan tarihi ta fito. Mutanen Java suna da sana'ar zane tufafi da kakin zuma kafin a rina, ana kiranta batik. Kamfanonin Holan suka kwaikwaye ta da inji, suka sami kasuwarta a Afirka ta Yamma.

Tattalin arziki

Kuɗinsu sunansa rupiah. Abincinsu na yau da kullum shinkafa ce, kuma suna cikin ƙasashe huɗu da suka fi noma ta a duniya. A Java da Bali sun sassaƙa jikin tsaunuka sun yi gonaki hawa-hawa kamar matakalar bene, ruwa yana gangarowa daga gona zuwa gona ta magudanai. Inda ruwa ya wadata akan girbe shinkafa sau biyu ko uku a shekara. Suna kuma noma roba, da koko, da kofi, da kwakwa, da rogo, ga kamun kifi a tekun da ya kewaye su.

A ƙarƙashin ƙasa suna da kwal, da kuza irin ta Jos, da zinariya da tagulla a Papua, da iskar gas. Su ne kan gaba a duniya wajen haƙar nikel, ƙarfen da ake sawa a batiran motoci masu aiki da lantarki da kuma tukwane da cokulan da ba sa tsatsa. Daga Janairun 2020 gwamnati ta hana fitar da ɗanyen nikel, ta ce duk mai so ya zo ya kafa masana'antar narka shi a cikin ƙasar. Suna da man fetur ma, har sun shiga ƙungiyar OPEC a 1962. Da rijiyoyinsu suka ja baya, jama'a kuma suka ƙaru, sai suka koma masu sayen mai daga waje. Hakan bai durƙusar da su ba, domin ba a kan mai kaɗai suka dogara ba. Suna ƙera takalma, da tufafi, da takarda, da babura, da motoci, kuma suna cikin ƙungiyar G20 ta ƙasashe masu ƙarfin tattalin arziki. Indomie ma misali ce. A can aka fara yin ta a shekarun 1970, sunanta kuma haɗin Indunusiya ne da mi, wato taliya. Yanzu ana yin ta a Najeriya, a Ota ta jihar Ogun da wasu garuruwa.

Labarin manja

Yanzu mu koma kan tambayarmu. A 1848 aka dasa 'yan tsiron kwakwar manja guda huɗu a lambun binciken itatuwa na Bogor. Ba kai tsaye daga Najeriya aka kai su ba, amma asalin irin na Afirka ne. An daɗe ana dasa 'ya'yansu a bakin hanya don ado. Sai a 1911 aka buɗe gonakin kasuwanci na farko a Sumatra. Har farkon shekarun 1960 Najeriya ce kan gaba a duniya wajen manja.

Daga nan hanya ta rabu. Mu muka sami man fetur, hankali ya koma kansa, aka bar manja a hannun ƙananan manoma da tsofaffin itatuwan daji. Su kuwa suka kafa manyan gonaki, suka zaɓi iri mai yawan 'ya'ya, suka gina injinan matsa kusa da gonakin, domin nonon kwakwa yana lalacewa idan ya kwana biyu ba a matse shi ba. Suka haɗa ƙananan manoma da injinan, har yanzu kusan kashi 40 cikin ɗari na gonakin na ƙananan manoma ne. A farkon shekarun 1980 aka kai yankin wani ɗan ƙwaro daga Kamaru, mai kai garin fure daga furen namiji zuwa na mace. Kafin zuwansa da hannu ma'aikata suke wannan aiki. Yanayi ma ya taimake su, domin kwakwa tana son ruwa a kowane wata, kudancin Najeriya kuwa yana da watannin rani. Yau Indunusiya tana samar da manja fiye da tan miliyan 40 a shekara, sama da rabin na duniya duka. Namu bai kai tan miliyan 2 ba.

Amma kada mu ɗauka riba ce zalla. An sare dazuka masu yawa a Sumatra da Kalimantan don a dasa kwakwa, orangutan ya rasa gida, wasu ƙauyuka sun rasa filayen kakanninsu. Masu share gona da wuta sukan jawo gobarar da take ci a ƙarƙashin ƙasa wata da watanni. A 2015 hayaƙin ya rufe sama har Malesiya da Singafo, aka rufe makarantu, yara da yawa suka kamu da ciwon ƙirji. A 2022 kuma man girki ya yi tsada a cikin ƙasar da ta fi kowa manja, har gwamnati ta hana fitar da shi na kusan mako uku.

Jakarta ma tana da tata matsalar. Mutane sun yi yawa, kowa ya haƙa burtsatse yana zuƙe ruwan ƙarƙashin ƙasa, sai ƙasar ta fara lotsawa. Wasu unguwannin arewacin birnin sun riga sun koma ƙasa da teku, katanga ce take tare musu ruwa. Wannan na cikin dalilan da suka sa a 2019 shugaban ƙasa na lokacin, Joko Widodo, ya sanar da gina sabon babban birni a gabashin Kalimantan, wanda aka raɗa wa suna Nusantara. Mu da muke ganin ana haƙa burtsatse gida-gida a unguwanninmu, in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Abin da muka koya

Ruwan sama da tokar dutse ba mutum ne ya kawo su ba, haka Indunusiya ta same su. Amma ba ruwan sama ne ya zaɓi iri mai kyau ba, ba shi ya gina injin matsa ba, ba shi ya hana fitar da ɗanyen nikel ba. Mutane ne suka yi, kuma mutane ne suka ƙone dajin. Mu ma muna da abin da yanayinmu yake so: gyaɗa, da riɗi, da zoɓo, da citta, da ƙaro, da auduga. Da yawa daga cikinsu ɗanye muke loda su a mota a kai tashar jirgin ruwa. Idan muka girma, mu ne za mu yanke shawarar ko za su ci gaba da fita ɗanye ko za a sarrafa su a gida, da kuma ko za mu bar wa ƙannenmu itatuwa a tsaye.

Tambayoyin bita

1. Lissafo manyan tsibiran Indunusiya guda biyar.
2. Me ya sa Java ta fi Kalimantan yawan mutane?
3. A wane lokaci ne damina a Java, kuma wane yanayi muke ciki a lokacin?
4. Me matasan ƙasar suka yi alkawari a 1928?
5. Kawo dalilai uku da suka sa Indunusiya ta wuce Najeriya a manja, da illa biyu da hakan ya jawo mata.

A rubuta amsa a takarda, a sa suna da aji, a jefa a akwatin ƙungiyar 'yan jarida kafin ranar Alhamis. Za mu liƙa amsoshin da suka fi kyau a fitowa ta gaba. Don Allah kada a yage wannan shafi, a bar 'yan sauran azuzuwa su ma su karanta.